Shin tabarau yana cinye idon yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar aji huɗu ce a wata firamaren gwamnati da ke Mabera, cikin garin Sakkwato. A zangon da ya wuce wasu masu aikin agaji suka zo suka duba idanun ɗalibanmu kyauta, suka ba yara biyar na ajina tabarau. Yanzu ɗaya kaɗai ke sawa. Wata uwa ta ce mini tabarau yana cinye ido, wai in yaro ya saba da shi ba zai ƙara gani da kansa ba. Haka ne? Ga shi masu agajin ba su dawo ba, ni me zan iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ƙirga yaran nan, kika lura huɗu sun ajiye. Tabarau ba ya cinye ido, ba ya rage masa ƙarfi ko kaɗan. Amma maganar uwar nan tana da tushe, akwai abin da ta gani da idonta, fassarar ce kawai ta kauce.

Haske yana shiga ta gaban ido, ya ratsa wani ɗan madubi da ke ciki, ya je ya taru kan wata 'yar fata mai laushi a can bayan ido. In ya taru daidai kanta, gani ya fito tar. A wasu yaran ƙwayar idon takan ɗan fi tsawo, milimita ɗaya ma ya isa, sai hasken ya taru tun bai kai ba. Irin wannan yaron yana karanta littafin da ke hannunsa lafiya lau, amma rubutun allo hazo ne a wurinsa. Aikin tabarau shi ne ya karkata hasken ya faɗa inda ya dace. Gilashi ne a waje, ba abin da yake zubawa cikin ido.

To me uwar ta gani? Yaron da bai taɓa gani tar ba ya ɗauka haka duniya take ga kowa. In ya yi sati biyu da tabarau ya cire, sai ya ce ba ya gani, alhali ganinsa na da ne ya koma, yanzu ne dai ya san bambanci. Na biyu, ido yana girma tare da yaro, kuma wannan matsalar takan ƙaru har wajen shekara 18 zuwa 20, ko ya sa tabarau ko bai sa ba. In aka canza masa mai ƙarfi bayan shekara, sai a ɗora wa tabarau laifin girma. Shi ya sa muke so a sake auna yaro duk shekara.

Haɗarin yana wajen ajiyewa ne. Ƙwaƙwalwa koyon gani take yi, kuma mafi yawan koyon kafin shekara 7 zuwa 8 ne. In ido ɗaya kullum hazo yake aika mata, ko yaron yana da harara-garke, sai ta yi watsi da wannan idon ta dogara da ɗayan. In aka makara, ko tabarau mafi tsada aka sa ganin ba ya dawowa duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ki gaya wa malaman aji ɗaya da na biyu wannan, nasu yaran sun fi naki gaggawa.

Yanzu yaranki huɗu. Ki kira kowane shi kaɗai, ban da gaban aji, ki tambaye shi ina tabaransa. Abin da nake yawan ji a ɗakin duba marasa lafiya bai wuce kaɗan ba: 'yan aji suna kiransa ido huɗu, ko ƙafar tabaran ta karye, ko yana zamowa daga hanci, ko kuma an kulle shi a akwati don kada ya lalace. Na taɓa duba wata yarinya 'yar shekara 10 da kakarta ta kawo, tabaran naɗe cikin ɗankwali, ko ƙura bai taɓa ba. Yarinyar kuwa shekara biyu tana kwafar rubutu daga littafin wadda ke gefenta, ana ce mata daƙiƙiya. Da na ɗora mata shi na nuna mata kalandar bango, sai ta fara karanta kwanakin da ƙarfi ba wanda ya sa ta. Kakar ta yi shiru, can ta ce ita tsoronta kada a ce jikarta makauniya ce ta rasa miji. Irin wannan tsoron ba a yi masa faɗa, zama ake yi a yi bayani. Ki gayyaci uwar nan aji, ki tsayar da ɗanta a baya ya karanta allo da tabarau, ya cire ya sake gwadawa. Abin da ta gani zai fi duk abin da zan rubuta.

In yaro ya ce tabaran na sa shi jiri ko ciwon kai bayan sati biyu yana sawa, mai yiwuwa awon bai yi daidai ba, a mai da shi a sake. A nan ne nake da ƙorafi kan aikin agaji na yini ɗaya. Niyyar mai kyau ce, Allah ya ba su lada, amma rabon tabarau farkon aiki ne. Wa zai gyara in ya karye? Wa zai bibiyi yaron da aka ce a kai asibiti? Duk ƙungiyar da ta sake zuwa, ki roƙi shugaban makaranta ya karɓi sunayen yaran da aka samu da matsala da lambar wanda za a kira. Masu agajin kuma su tuna da almajirai da yaran da ke talla, waɗanda ba sa cikin kowace rajista.

Gwajin farko kuwa ke ma za ki iya. Ki nemi allon gwajin ido mai harafin E da ke fuskantar sama, ƙasa, dama da hagu, wanda ko yaron da bai iya karatu ba zai nuna da yatsunsa uku. Ki rataye shi a inuwa mai haske, ki auna mita 6 da igiya, yaro ya tsaya a nan. Yaro ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, ki kula kada ya leƙa ta tsakanin yatsu, yara gwanaye ne a nan. Wanda ya kasa karanta layin da aka rubuta 6/12 ko da ido ɗaya ne ya kasa, a tura shi asibiti. Ma'anar lambar ita ce abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 12, shi sai ya matso mita 6. Gwajin ba ya kama komai, don haka wanda ke kukan ciwon kai in yana karatu, ko yake kanne ido, ko yake manna fuska da littafi, shi ma a tura shi ko ya ci gwajin. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma Asibitin Ƙwararru. A gaya wa iyaye ana iya ɗiga wa yaron maganin da zai sa ganinsa dishi-dishi na yini guda kafin awo, kada su tsorata.

Tunda kina gaban aji kullum, ga abin da ya fi damuna a garin nan. Da ƙurar hunturu da zafin bazara za ki ga yara suna murza ido, farin idon ya koma ruwan ƙasa. Yawanci ƙaiƙayin da ƙura ke tayarwa ne. Sai a je kemis a sayo maganin ɗigawa, wanda za ki ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone a kwalinsa. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake ta saye wata da watanni, amma yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa. Kada a ɗiga shi sai da umarnin likita. Haka nono, ruwan sukari, fitsari ko ruwan ganye, kada ɗaya ya shiga idon yaro. Ki sa wankin fuska cikin duban tsafta na safe, domin kwantsa da majina ke kiran ƙuda, ƙuda kuma ke yawo da amodari daga fuska zuwa fuska. Wanda ke laluɓe da magariba, dundumi ne, alamar ƙarancin bitamin A. A kai shi asibiti, a gida kuma a ƙara masa zogale, manja, karas, mangwaro ko ɗan hanta.

Abu uku ne ba sa jiran ƙarshen zango: farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido, harara-garken da ta fito kwatsam, da raunin tsinke, dutse ko bulala a ido. In kin ga ɗaya, ki aika a kira iyaye a ranar. In rauni ne kada a wanke, kada a ɗiga komai, a kife ɗan kofi mai tsafta a kan idon ba tare da ya taɓa shi ba, a ɗaure a wuce asibiti.