Fentin ruwan madara ya koma kamar toka: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zaɓi fenti ruwan madara mai sirkin ruwan ƙasa, wanda masu fenti ke ce wa beji, aka shafa mini a falo. A shago ya yi kyau, amma a bango sai ya dushe, da daddare kamar toka, kuma bango ɗaya ya fi sauran duhu. Yanzu ɗakin kwana zan yi, ƙafa 12 da 12. Me zan gyara, kuma lita nawa zan saya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Fara duba ƙwan fitilar falon. Idan an rubuta 6500K a jikinsa, haskensa fari ne mai sirkin shuɗi, kuma shi ke kashe ɗumin wannan launi. Ki sa mai lamba 2700K zuwa 3000K ki gani. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai an sake fenti ba.

Beji kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani yana karkata zuwa ja-ja, wani rawaya, wani kore-kore, kuma ɗan katin da ake nunawa a shago ba ya bayyana wannan sosai. Don haka kada ki sayi bokiti tukuna. Sayi ƙaramin gwangwani, a yi shafi biyu a wurare biyu masu faɗin rabin mita, ɗaya kusa da taga, ɗaya a bangon da rana ba ta kaiwa. Bari ya bushe, ki duba da safe, da azahar da kuma bayan isha. Kara labulenki da ƙyallen kujera a jikinsa. In tayil ɗinki ruwan toka ne, guji mai karkata zuwa ja-ja, ba sa jituwa.

Bambancin bango da bango kuwa, yana iya fitowa daga abu biyu: ko dai bokitan ba haɗi ɗaya ba ne daga kamfani, ko an zuba wa wani ruwa fiye da wani. A juye su duka a mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara. Ruwa kada ya wuce lita 1 a kowace lita 10, sai in an rubuta wani abu daban a jikin bokitin. Ki tsaya a kan wannan, domin fentin da aka tsinka ba ya rufe bango, kuma yana goguwa a jikin tufafi.

Lissafin ɗakin: in tsayin bangon mita 3 ne, bayan an cire ƙofa da taga za a samu kimanin murabba'in mita 40. Shafi biyu ya zama 80. Fenti mai kyau lita 1 tana cin kusan murabba'in mita 10 a bango mai santsi, wato lita 8, galan biyu masu lita 4. Ƙara galan ɗaya in bangon yana da kaushi. A bar awa 4 tsakanin shafin farko da na biyu.

Saboda ƙurar hunturu da hannun yara, ɗauki mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, amma ki sani yana tona duk wani tudu da kwarin bango, sai an yi masa shafen gyara an goge da samfefa. In filastar sabuwa ce, a jira kwana 28 ta bushe, sannan a fara da fentin share fage. Silin kuma a bar shi fari.