Littattafan shugabanni: wanne za a saya, wanne za a bari?

Tambaya daga wani malamin sakandare a Kubwa: Ina da kuɗin littafi ɗaya tak, kuma ina so in san Sardauna. Na ga My Life a wani shago a Wuse. In saya?

Malam, ka duba shekarar da ya fito tukuna. My Life ya fito a 1962, Sardauna kuwa an kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Ke nan rigimar ƙidayar 1963, zaɓen tarayya na 1964, da rikicin ƙasar Tibi na wannan shekarar, babu ko ɗaya a ciki. Abin da za ka samu shi ne muryar mutumin da kansa, tun daga Rabah zuwa Kwalejin Katsina zuwa kujerar Firimiya. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma Firimiya ne a kan mulki yake ba da labarin kansa, kuma ba a mugun sarki sai mugun bafade, balle idan sarkin ne riƙe da alƙalami.

Idan ɗaya ne tilas, nemi na John Paden da Hudahuda ta Zariya ta buga a 1986. Yana da kauri, shafi kusan 800, ya yi hira da mutanen da suka yi aiki da Sardauna, kuma ya nuna inda ya samo kowace magana. Sai dai yana kallon Sardauna da idon ƙauna. Randa aljihu ya sake yin nauyi, ka haɗa da African Revolutionary na Alan Feinstein, na 1973, a kan Malam Aminu Kano, don ka ji yadda 'yan NEPU suka ga wannan mulki daga kotun alƙali da gidan yarin En'e.

Wata ɗalibar jami'a daga Gwagwalada: An ba mu aiki a kan juyin mulkin Janairun 1966, duk littafin da na buɗe sai ya ƙaryata na baya.

Haka za su yi ta yi, domin yawancinsu masu hannu a ciki ne ko masu ciwo a zuciya. Adewale Ademoyega, mai Why We Struck na 1981, yana cikin manjojin da suka shirya juyin. D.J.M. Muffett, mai Let Truth Be Told na 1982, tsohon jami'in mulkin Turawa ne a Arewa, yana kusa da waɗanda aka kashe. Obasanjo, da ya rubuta Nzeogwu a 1987, aminin Nzeogwun ne, wato manjon da ya jagoranci juyin a Kaduna, kuma littafin ya ta da ƙura a Arewa lokacin da ya fito. Kada ki saye su duka. Ki fara da Oil, Politics and Violence na Max Siollun, na 2009, wanda ya jera shaidun gefe da gefe daga 1966 zuwa 1976. Daga nan ki ari na Ademoyega da na Muffett, ki zaɓi dare guda, wato daren 14 wayewar 15, ki ja layi a tsakiyar takarda, ki rubuta abin da kowannensu ya ce a kan wa ya ba da umarni da wa aka yi niyyar kamawa. Inda suka haɗu, ki ɗauka da ƙarfi. Inda suka rabu, nan aikinki yake.

Wani ma'aikaci daga Nyanya: Littafin Babangida ya cancanci kuɗinsa?

A Journey in Service, wanda aka ƙaddamar a Transcorp Hilton ranar 20 ga Fabrairun 2025, ya yi suna ne da abu guda: IBB ya amince Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993, ya kuma jingina soke zaɓen ga wasu sojoji ƙarƙashin Abacha. Abacha ya rasu tun Yunin 1998, Abiola ya bi shi a Yuli. Lokacin da littafin ya fito, kusan shekara 27 ke nan da rasuwarsu, babu mai ce masa “ba haka aka yi ba” daga cikin biyun, sai iyalan Abacha da suka fito suka musanta. Idan wannan babin kawai kake nema, jaridu sun gama tatse shi. Idan kana tara littattafan mulkin soja ne, saya, amma ka ajiye shi kusa da na Humphrey Nwosu, shugaban hukumar zaɓen wancan lokacin, wanda ya fitar da nasa bayanin a 2008.

Wata Hajiya daga Garki: Na saya wa maigida littafi a gosulo, rabin kuɗin shago. Bayan mako biyu ya fara zubar da shafuka.

Hajiya, bugun sata kika saya, kuma araha ba ta ado. Gaba, kafin ki miƙa kuɗi, ki buɗe shafukan hotuna: a bugun sata fuskoki kan zama baƙi ƙirin, domin hoton hoto aka ɗauka. Ki ɗaga shafi ɗaya ga haske. Idan rubutun baya yana leƙowa sosai, takardar ta yi siriri. Ki buɗe tsakiyar littafin a hankali ki saurara, gam mai arha yana ƙara kamar karyewar kara, shi ne ke sakin shafuka da zarar zafin mota ya buge shi. Ana buga littafi ne a ninki na shafi 16 ko 32, shi ya sa kuskure kan zo a dunƙule, a tsallake 16 ko a maimaita su, don haka ki bi lambobin shafi da babban yatsa daga farko har ƙarshe. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ke bango, kada ta ruɗe ki, ita ma kwafe ta ake yi. Kuma idan an naɗe littafin a leda an ce ba a buɗewa sai an biya, ki mayar wa mai tallar ta tagar mota.