Tambaya da Amsa: Kiɗan Simeon ten Holt zai maye gurbin maganin hawan jini?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a ƙasar Holan tare da mahaifiyata mai hawan jini. Wani a Facebook ya sayar mata da faifan Canto Ostinato, kiɗan Simeon ten Holt, ya ce an daidaita shi a kan sautin 432, in ta dinga ji kullum jininta zai sauka, ba sai ta sha magani ba. Yanzu ta ajiye ƙwayoyinta. Hankalina ya tashi. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ki kira likitanta yau, kafin ma ki gama karanta wannan amsa.

Simeon ten Holt mawallafin kiɗa ne, ɗan garin Bergen a arewacin Holan, an haife shi a 1923, ya rasu a 2012. Ya yi karatu wurin mawallafin kiɗa Jakob van Domselaer, daga baya ya je Faris. Ya daɗe yana rubuta kiɗa mai tsauri da ba kowane kunne ke ɗauka ba, kafin ya dawo ga sauti mai daɗi da Canto Ostinato, wanda ya rubuta tsakanin 1976 da 1979. An fara kaɗa shi a 1979 a tsohon cocin Ruïnekerk na Bergen, da fiyano uku da ogan na lantarki, wato abin kiɗa mai maɓallai irin na coci. Kiɗan yana da sashe 106, kari biyar-biyar yake tafiya ba ya tsayawa, kuma makaɗan ne ke yanke shawarar sau nawa za su maimaita kowane sashe. Shi ya sa wani wasan ya kan ɗauki awa biyu, wani ya ninka haka.

Daga nan 'yan damfara suka samu ƙofa. Maimaicin yana kwantar da hankali, wannan gaskiya ne. A Holan har taro ake yi, mutane su shimfiɗa tabarma su kwanta a ƙasa suna saurare. Wanda ya natsu, bugun zuciyarsa kan lafa na ɗan lokaci. To amma na ɗan lokaci ne! Faifan na ƙarewa, jijiyoyin jini suna nan yadda suke. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na iya jin garau, yana barci mai daɗi, alhali ciwon yana cin ƙodarsa da zuciyarsa a ɓoye, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Jin sauƙin da Hajiya take yi shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin shi zai sa ta yarda da maganar mutumin.

Batun 432 kuma ya ishe ni, kusan kullum sai ɗalibi ya kawo mini shi. Lambar tana nufin sau nawa sauti yake girgiza a daƙiƙa ɗaya, kuma fiyano a kan 440 aka saba daidaita shi. Mai sayar da faifan sauke sautin kawai ya yi da kwamfuta, ƙasa da rabin mataki, abin da yawancin kunnuwa ba za su ma lura da shi ba. Babu wani bincike ingantacce da ya nuna wannan yana warkar da wata cuta. Ten Holt bai rubuta kiɗansa don asibiti ba. Mutumin da ya shafe shekaru uku yana auna kowane kari, abin takaici ne a mayar da aikinsa hajar boka.

Kada ki yi wa Hajiya faɗa, kada kuma ki ƙwace faifan. Ki gaya wa likita kwana nawa ta yi ba ta sha ba, shi zai faɗi yadda za ta koma kan maganin. Ki sayi na'urar awon jini ta gida, ki auna safe da yamma ki rubuta, ki nuna mata lambobin da idonta. In ciwon kai mai tsanani ya taso, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ki kira lambar gaggawa ta 112 nan take.