Ni ma lambar nan ta taɓa sa ni ƙaura

Wa'alaikumus salam Hajiya. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, kamar ni ce na rubuta ta shekarun baya. Kin ce makarantar midil (wadda ke bin firamare) ta unguwarku a nan Amurka 4 cikin 10 aka ba ta a GreatSchools, shafin intanet ɗin nan da ke ba makarantu maki, yawancin yaran abincin rana kyauta suke ci, galibinsu baƙar fata ne da masu jin Sifaniyanci, kuma kina tunanin ku tashi kafin 'yarki ta shiga aji 6. To ni na tashi, bari ki ji abin da na tarar.

Tamu 3 aka ba ta. Kullum da dare ina kan Zillow, shafin neman gidaje, ba ɗakuna nake kallo ba, lambar makarantar da ke ƙasan hoton gidan nake bi. Na hana maigida sakat har muka koma wata gunduma mai makaranta 9. Haya ta yi tsalle, shi ya ƙara aikin dare, ni na ƙara na Asabar, muna ta murna mun ceci yaro.

Ranar rajista aka miƙo min takardar nan da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Na rubuta Hausa, don gaskiyar ke nan. Ashe ita ce ke sa a yi wa yaro gwajin Turanci. Yaron da tun aji 2 yake karatu a ƙasar nan, har mafarki da Turanci yake yi! Amma mai kunya ne, an zaunar da shi a baƙon wuri an ce ya yi magana, ya yi ta noƙewa. Sai suka sa shi a ESL, ajin masu koyon Turanci a matsayin harshe na biyu. Lokacin ESL ɗin kuma ya ci karo da na ajin lissafi na gaba, suka maida shi na baya, babu wanda ya kira ni. Sun aiko wasiƙa kam, doka ta ce su sanar da iyaye cikin kwana 30 da buɗe makaranta, amma ta shige cikin tarin takardun farkon shekara. Wannan laifina ne, na karɓa.

Sai wajen Nuwamba na lura aikin gidan da yake kawowa ya riga ya yi irinsa a aji 5. Na nemi ganin mai ba ɗalibai shawara. Hajiya, matar nan har gobe ban manta fuskarta ba. Ina zama ta fara yi min magana a hankali, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai magana da kurma. Na miƙa mata sakamakonsa na jarrabawar jiha daga tsohuwar makaranta, ta ɗora kofin shayinta a kai, ko buɗewa ba ta yi ba. Wai kada mu matsa wa yaro, yaran da suka fito daga irin makarantar da ya baro sukan sha wuya a nan. Sannan ta yi murmushi ta tambaye ni ko akwai littattafai a gidanmu. Ni da na koyar a sakandare shekara da shekaru kafin mu zo! Bakina ya mutu. Na yi godiya, godiya fa, na fito na zauna cikin mota na yi kuka mai isata. Har yau idan ina wanke-wanke sai in tsinci kaina ina shirya amsar da ya kamata in ba ta.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba ita ba ce. Da daren nan yaron ya ce min, da Turanci, "Mama, me ya sa kika rubuta Hausa?" Daga ranar ya daina amsa min da Hausa, kusan shekara guda. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Daga baya wata malama 'yar ajinmu na karatun dare ta warware min zancen lambar. Tun dokar ilimi ta tarayya ta 2002, wadda aka sauya da wata mai suna ESSA a 2015, kowace jiha tana gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa 8. Sakamakon nan yana cikin abin da ake haɗa lambar da shi, alhali adadin waɗanda suka haye ya fi nuna gidajen da yaran suka fito, ba ƙoƙarin malamai ba. Ba sabon zance ba ne, tun rahoton Coleman na 1966 aka gano halin gida ya fi kayan makaranta tasiri a sakamako. Yaron da ya shigo aji 6 da karatun aji 3, malama ta ja shi ya kai na aji 5 cikin shekara ɗaya, ta yi aikin a yaba mata, amma a takarda faɗuwa za a rubuta. Don haka ki shiga shafin ma'aikatar ilimi ta jiharku, ki buɗe rahoton makarantar, ki nemi wurin da ke nuna ci gaban yara daga bara zuwa bana. Shi ne ma'aunin koyarwa.

Kuma a rahoton nan dole ne su rarraba sakamakon: ta launin fata, masu ƙaramin ƙarfi, masu koyon Turanci, masu buƙata ta musamman. Da na duba na makarantarmu mai 9, layin baƙar fata bai fi na wadda muka gudo daga gare ta da wani abin kirki ba. 'Yan tsiraru ne kawai, shi ya sa ba su ja lambar ƙasa ba. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, da ni da ke duka: muna ganin an rubuta baƙar fata sun yi yawa sai gabanmu ya faɗi, alhali a layin nan ake ƙirga 'ya'yanmu. Babu layin Bahaushe. Wata uwar ma tana can tana kallon alƙaluman, 'yarki ce take gudu.

Maganar abinci kyauta kuwa, ma'aunin kuɗin shiga ne kawai. Iyalin da ba su wuce kashi 130 cikin 100 na layin talauci na tarayya ba suna samu kyauta, zuwa kashi 185 kuma da rangwame. Wasu makarantun ma kowa suke ba. Mu da kanmu mun cancanta shekara biyu ina jin kunyar cike takardar, girman kai rawanin tsiya. Makarantun da yaran masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa ne ke samun kuɗin tallafin tarayya da ake kira Title I, ki tambaya ko suna da darasin bayan tashi.

Ba ina cewa kowace mai 4 lafiya take ba. Ki je da ƙafarki ana cikin karatu, ki tsaya lokacin canjin aji ki ga yadda farfajiyar take. Ki tambayi malaman lissafi nawa ne suka wuce shekara uku a wurin, don inda malamai ke gudu duk shekara akwai matsala. Ki duba yawan yaran da ke fashi, wanda ya rasa kwana 18 cikin 180 shi suke ƙirgawa. Sannan ki tambaye su ƙiri-ƙiri ta wace hanya yaro ke kaiwa ga aljabara a aji 8, wa ke yanke hukunci, da wane sakamako. A aji 6 ake raba hanyar nan, shiru-shiru, kuma har hayi sukul, wato babbar sakandare, take bin yaro.

Kada ki ɓoye Hausa a takardar saboda labarina. Ki dai sani kina da ikon ƙin ajin ESL a rubuce, ko da yake 'yarki za ta ci gaba da yin gwajin Turancin shekara-shekara har ta haye. Idan kuma tana buƙatarsa, ki bar ta, yana da amfani. Komai ki yi shi ta imel, maganar baka iska ce. Ni sai da na rubuta wa shugaban makaranta, na haɗa da ofishin gunduma, aka sake gwada shi. Ya haye, amma shekarar ta riga ta tafi, sai da ya yi karatun bazara ya kamo sauran. Ita kuwa matar, da muka haɗu a taron iyaye, cewa ta yi ai ta san zai iya.

Ƙanwarsa a wata makaranta mai 5 take yanzu, don hayar can ta gagare mu mun sake tashi. Malaminta na kimiyya ya kira ni sau biyu bana, ba don ta yi laifi ba. Wace jiha kuke? Ki faɗa min in nuna miki inda za ki danna a rahoton, shafukan nan nasu ruɗarwa gare su.