Sassaƙen gabas da yamma

Ɗana, saƙonka ya iso, na yi dariya har Innarku ta leƙo. Wai ka gani a waya madobiya na cikin itatuwan da ke shirin ƙarewa, kuma kana tambaya ko ɗibar sassaƙe gabas da yamma kaɗai, yadda mutanen da ke yi, canfi ne na tsoron iskoki. Dariyar ba ta daɗe ba, don na san ko gabanka aka tsayar da madobiyar ba ka gane ta.

Ba itacen bakin gida ba ce. A daji take, kuma ko a zamaninmu sai an yi kudu, wajen Tambuwal da Kebbe, kafin a gan ta da yawa. Da hunturu takan zubar da ganye, ta rufe kanta da fure ruwan ɗorawa. Da bazara kuma, ciyawa ta ƙare, sai ta yi sabon toho.

Tohon nan ya tsirar mana da shanu a farin 1973. Na bi kakanku daji tun asuba, shanu duk haƙarƙari a waje. Muka tarar da Fulani sun riga mu, wani saurayi can bisa yana sassabe rassa, na ƙasa na ja. Baba ya tsaya ya yi ta kallonsa, sannan ya ce ya bar na tsakiya. Yaron ya ce dabbobi na mutuwa, wa ke ta icce? Baba ya ce, "Baɗi ma za su ji yunwa." Dattijonsu ya daka masa tsawa, ya sauko.

Da za mu koma, Baba ya yi bisimilla, ya sa gatari ya ɗebi ɓawo faɗin tafin hannu ta gabas, ya zaga ya ɗebi ta yamma, don maganin wata gwaggonku. Nan take wurin ya tsatso da jan ruwa kamar jini, har na ja baya. Ya dangwali ƙasa ya shafe saran. Na tambaye shi don mi ba zai zagaye gindin ya cika jaka ba. Ya ce, "Wanda ya ba ka magani ba a raba shi da rigarsa duka." Da girma ya zo na gane: icce in an zagaye ɓawonsa, abincin da ganye ke aikawa saiwa ya yanke, sai bushewa.

Wancan lokaci ko sara za ka yi sai da takardar malamin daji, kuma ana tsoronsa. Yanzu fa? Zarton inji, tirela, a kai gungume tashar jirgin ruwa, a yi wa attajiran Sin kujeru da gadaje. Dazuzzukan Taraba sun fi kowa shan wannan sara. A 2018 aka lissafa madobiya cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, a shekarar kuma yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji da itatuwa, ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Mu nan ba ma jiran Sin, masu gawayi sun ishe mu, ku kuma 'yan birni kuna saye buhu-buhu ba ku tambayar wane icce ne.

Batun iskoki, da akwai masu faɗin haka, kuma ban ga ɓarnar da tsoron ya yi wa daji ba. Don mi gabas da yamma, ba kudu da arewa ba? Wannan sai Malam na Kebbe, in ka zo Sallah mu je tare, in hanya ta yi lafiya. Ka taho min da batirin rediyo. A gai da maiɗakinka.