Tambaya da Amsa: Bambar Ƙarfe Ga Motar da Ke Ɗauke da Ɗakin Kwana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da a-kori-kura mai ƙofa huɗu da na ɗora wa ɗakin kwana na tafiya, irin wanda ake zurawa cikin bodin baya a ɗaure, in an dawo a sauke. Ɗakin ya zarce bambar baya da kusan santimita 60. Takardar da ke jikin ƙofa ta ce motar na ɗaukar kilo 1,500, ɗakin kuwa kilo 1,050 ne in babu komai a cikinsa. Ni da maiɗakina muke tafiya, galibi a hanyoyin daji, kuma sau biyu ke nan saura ƙiris mu bugi dabba da magariba. Ina so in cire bambar kamfani ta gaba in sa ta ƙarfe mai injin ja, wato injin da ke naɗe igiya ya janyo mota in ta maƙale, ta baya kuma in ba mai walda ya ƙera mini wadda za ta fito har ƙarshen ɗakin, da matakala da wurin safaya taya da jarkoki biyu. In sayi wadda aka riga aka ƙera ne ko in bayar a yi mini? Kuma wane kaurin ƙarfe ya dace?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka kawo lambobin nan biyu, domin da su za mu fara, ba da kaurin ƙarfe ba. Shekaru na yi ina kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci, kuma abin da ya fi ba masu su wahala ba raunin bamba ba ne, nauyinta ne da inda ya zauna.

Ɗauko biro mu lissafa tare. Ɗaki kilo 1,050. Ruwa lita 100, kowace lita kilo guda, kilo 100 ke nan. Tukunyar gas da batir da kayan girki da tufafi da kayan gyara, mu ce 120, kuma na sassauta maka. Kai da iyalinka, mu ce 150. Ƙarafunan da ke ɗaure ɗakin da mota, mu ce 30. An tashi 1,450. Abin da ya rage maka daga 1,500 ɗin nan kilo 50 ne kacal. To farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5, kowace murabba'in mita ɗaya tana da nauyin kilo 39 da ɗoriya. Bambar gaba mai faɗin motarka, da fikafikanta da kujerar injin ja da bututun da ke kare fitilu, ba wuya ta cinye murabba'in mita biyu, kilo 80 ke nan tun injin jan bai hau ba. Ko ka cire nauyin ta kamfani da za a kwance, ka riga ka tsallake iyaka, ta baya kuma ba mu ma taɓa ta ba.

Saboda haka aikin farko ba a wurin mai walda yake ba. Loda motar tsaf kamar yadda kake fita, ka cika tankin mai da na ruwa, ku shiga ku biyu, ka hau sikelin manyan motoci. Ka nemi a auna maka nauyin da ke kan aksil ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, daban, na baya daban. A kan takardar jikin ƙofa, ban da jimillar nauyin da motar za ta iya kaiwa, wato GVWR, akwai iyakar kowane aksil, an rubuta GAWR. Na sha ganin motar da jimillarta ba ta wuce ba amma aksil ɗin baya ya haura nasa da nisa. Tayoyin ma kowace da iyakarta a rubuce a gefenta, kuma a motar da ke ɗauke da ɗaki su ne suka fi saurin nuna gajiya.

Bari in daɗe kaɗan a kan bambar baya, don a nan ne mutane suka fi yin asara. Kaya in ya zauna a bayan aksil ɗin baya, ba nauyinsa kaɗai yake ɗora wa aksil ɗin ba. Motar ta zama kamar katakon lilon yara da aka ɗora a kan dutse: ka danna wannan gefe, wancan ya ɗaga. A ce tsakanin tayoyinka na gaba da na baya mita 4 ne. Ka rataya safaya taya da jarkoki biyu da ƙarfen da ke riƙe su, kilo 100, a nisan mita ɗaya da rabi bayan aksil. Aksil ɗin baya zai ji kilo 137 da rabi, na gaba kuma a zare masa kilo 37 da rabi. Waɗannan kilo 37 ɗin su ne ke danne tayoyin da kake juya sitiyari da su, su ne kuma ke taimaka wa birkin gaba ya kama. Ranar da ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka, fitilun gaba suna haska rassan bishiya maimakon titi, motar tana tangaɗi in babbar mota ta gifta, to wannan lissafin ne yake aiki. Ɗakin kansa an yi shi ne domin tsakiyar nauyinsa ta zauna a kan aksil ɗin baya ko gaba da shi kaɗan, shi ya sa a Amurka doka ta sa masu ƙera shi su bayyana inda wannan tsakiya take. Kowane kilo da ka ƙara a wutsiya yana janye ta baya.

Wani zai ce to ai bambar gaba mai nauyi za ta daidaita. Da ɗan gaskiya a ciki: kilo 100 a mita ɗaya gaban aksil ɗin gaba zai rage wa na baya kilo 25. Sai dai zai ɗora wa na gaba 125, jimillar nauyin motar kuma ta ƙaru da duka biyun. Birki bai san daidaito ba, jimilla ya sani. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai wata mota da aka taɓa kawo mini wadda har yau ina tuna ta. Mai ita ya ce in ya bi hanya mai gargada yana jin wani ƙas-ƙas daga baya, ya canza shokazoba bai daina ba. An yi masa bambar baya doguwa, kyakkyawa ƙwarai, waldar kamar an jera tsaba. Na shiga ƙarƙashi da tocila. Wanda ya yi aikin ya liƙa hannuwan bambar da walda kai tsaye a jikin shasi. A gefen waldar, ba a kanta ba, na ga wani jan layi siriri kamar zare, da garin tsatsa a bakinsa. Na ce wa yarona ya hau matakalar ya ɗan yi tsalle. Ina kallo layin nan ya buɗe baki ya rufe. Shasin ya tsage ya kai rabin tsayinsa. Ƙarfen shasin motocin zamani mai ƙarfi ne amma siriri, zafin walda kuma yana sauya halin ƙarfen da ke kewaye da ita. Sai doguwar bamba ta yi ta lanƙwasa wurin a kowane rami, sau dubbai a tafiya guda, har ya gaji. Don haka ko wa zai yi maka aikin, a ɗaura da noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda, da ƙusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, a sa faranti a baya ya raba nauyin. Kada a yi walda a shasi, kada a huda leɓensa na sama ko na ƙasa.

Shawarata ta kasu biyu. Ta gaba ka saya, ta baya ka bayar a ƙera.

Dalilin ta gaba shi ne abin da ba a gani da ido. Gaban mota an yi shi ne domin ya murƙushe a hankali in an yi karo, ya shanye bugun kafin ya iso gare ku. Jakar iskar da ke fashewa ta tare ƙirjin direba kuma tana jiran sensa ta ji irin tsayawar da motar ta yi kafin ta yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. Bamba mai tauri da aka ɗaure ba tare da lissafi ba tana iya sauya wannan lokacin. Mai walda, komai gwanintarsa, ba shi da wurin gwada karo. Kamfanoni irin su ARB na Ostareliya suna ƙera wa kowace irin mota tata, da maɗauran da aka tsara domin su yi aiki tare da jakar iska, da gurabun sensa da rada da kyamara. Ka nemi wadda aka rubuta sunan motarka da shekararta a jikin takardarta. Ka kuma dubi yawan iskar da take bari ta shiga lagireto. Motar da ke hawa tudu da ɗaki a bayanta tana cikin aiki mafi zafi da za ta yi, injin da giya duka, in ka toshe mata hanci da faranti da injin ja da manyan fitilu, allurar zafi za ta gaya maka. Sannan ka binciki dokar inda kake tuƙi da kamfanin inshorarka. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida a kan irin wannan ƙarfen gaba a 2005 saboda masu tafiya a ƙasa, Indiya kuma ta hana shi a ƙarshen 2017. Wannan damuwa ta gaskiya ce: abin da ke kare lagiretonka daga dabba shi ne zai daki mutum in tsautsayi ya gifta.

Injin ja kuwa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin motar. Ga motarka wannan babban inji ne mai nauyi. Da kilo 50 da suka rage maka, ni dai zan haƙura da shi sai in sikeli ya nuna akwai wuri. In ya zama dole, ɗauki mai igiyar roba maimakon wayar ƙarfe, za ka rage kilo da dama.

Ta baya kuwa ƙerawa ta fi, domin babu kamfanin da ya san tsawon ɗakinka da inda ƙafafun ɗaga shi suke sauka. Amma ka rage buri. Matakala da kariya ga kusurwoyin ɗakin sun isa. Milimita 3 ya wadatar a jiki, 6 zuwa 8 a hannuwan da ke kama shasi da wuraren maƙala igiyar ja. Safaya taya ta zauna inda kamfani ya ajiye ta a ƙarƙashi, jarkokin kuma a nema musu wuri gaba da aksil. Ka sa mai waldar ya gyara ƙasanta ta tashi sama zuwa baya, in ba haka ba duk kwarin da ka sauka sai ta ja ƙasa.

Abubuwa uku kada ka bari a manta. Bambar ta kama mota kaɗai, kada a haɗa ta da ɗakin da noti, domin shasi yana murɗawa a hanyar daji, ɗakin kuma akwati ne da ba ya murɗawa, in ka ɗaure su gam ɗaya zai yaga ɗaya. Ka duba inda maɗauran ɗakinka na baya suke kamawa: wasu, irin na kamfanin Happijac, a jikin bambar da ta zo da motar suke, in ka cire ta sai an sake musu mazauni, na kamfanin Torklift kuwa shasi suke kamawa. Na ukun shi ne ya fi damuna. Ƙofar ɗakinka a baya take, kuma a ciki akwai gas da wuta. Hannun safaya taya mai lilo da ake kullewa daga waje yana gitta wannan ƙofa. Ka yi tunanin iyalinka tana ciki da dare, hannun ya koma ya kulle. Duk abin da zai tsaya gaban ƙofar nan dole a iya ture shi daga ciki da hannu ɗaya, in ba zai yiwu ba a haƙura da shi. Bakin salansa ma a fito da shi gefe, kada hayaƙi ya taru ƙarƙashin ɗakin da ake kwana. Lambar mota da fitilun birki su fito fili.

In kana da niyyar jan tirela, kada ka dogara da ramin da aka liƙa a jikin bambar. Maƙalin tirela abu ne na daban mai kama shasi, kuma tsawaita shi domin ya wuce ɗakin yana rage nauyin da zai ɗauka sosai. Ka bi lambar da mai ƙera shi ya rubuta ta wannan tsawon. Allah ya tsare hanya, a gaida iyali.

TAMBAYA: Malam, na sa bambar alminiyam don gudun nauyi. Bayan damina ɗaya na ga wani farin gari yana fitowa kewaye da notinan, fentin kuma ya kumbura. An cuce ni ne?

AMSA: Ba lallai ba ne, Hajiya. Zaɓinki yana da hujja: alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, ko da yake sai an ƙara masa kauri saboda ya fi saurin lanƙwasa. Farin garin nan yana fitowa ne in alminiyam ya taɓa ƙarfe kuma ruwa ya shiga tsakaninsu, musamman mai gishiri. Sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma yake cinyewa. A kwance notinan ɗaya bayan ɗaya, a goge wurin har ya yi haske, a shafa fenti, a sa wasar roba, wato zoben da ake sawa ƙarƙashin noti, ko siririn faifan roba tsakanin bambar da hannuwan ƙarfe, a shafa wa zaren notin man hana kamawa kafin a ɗaure. Ki sa a duba ko ramukan sun faɗaɗa. In noti yana wasa a cikin raminsa, wurin yana bukatar a ƙara masa faranti kafin ki sake ɗora ɗakin.