Na haddace littafi, amma a gaban gawa sai in ruɗe

Tambaya: Malam, ina aji biyu a karatun likita. Nakan haddace darasin anatomi, wato ilimin tsarin sassan jiki, tsaf, amma idan muka shiga ɗakin fiɗar gawar koyo, sai in kasa bambance jijiyar jini da jijiyar saƙo. Jarrabawar da ake kaɗa ƙararrawa a matsa teburi na gaba ta kusa. Ina mafita? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, littafi ne ya saba miki da launi: ja, shuɗi, rawaya. Gawar da ta sha fomalin, maganin hana ta ruɓewa, kuwa kusan komai nata launi ɗaya ne, don haka yatsa za ki tambaya kafin ido. Sa safar hannu ki matsa abin a hankali. Jijiyar da ke fito da jini daga zuciya tana da kaurin bango da rami a ciki, kina saki take komawa yadda take. Mai mayar da jini zuciya bangonta siriri ne, takan lotse, sau da yawa da daskararren jini baƙi-baƙi. Jijiyar saƙo ba ta da rami, kamar igiya take, da zare-zare a tsawonta.

Rage amfani da wuƙa. Da ita ɗalibai ke datse ƙananan jijiyoyi tun ba su gan su ba. Bayan an buɗe fata, ki tura bakin almakashi a rufe, ki buɗe shi bisa tsawon jijiyar, ki ɗaga da hantsaki.

Sannan ki bi kowace jijiya daga tushenta. Ɗauki tarin jijiyoyin saƙo da ke sauka daga wuya zuwa hannu: saiwoyi 5, daga C5 zuwa T1 (lambobin matakan ƙashin baya inda suke fitowa), su haɗu su zama kututture 3, su rabu 6, su koma igiyoyi 3, manyan rassa 5 su fito. Zana shi da ka kullum har mako guda. Kowane reshe ki haɗa shi da raunin da ke taɓa shi. Jijiyar radiyal tana zagaya bayan ƙashin damtse, shi ya sa karaya a tsakiyarsa kan bar hannu a langaɓe daga wuyan hannu. Ta alna kuma ita ce ke sa ki ji zirr har ɗan ƙaramin yatsa idan kin bugi gwiwar hannu.

In kun tashi, ku lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen ƙyalle, domin naman da ya bushe ba ya fiɗuwa. Hoto kuwa kada ki ɗauka. Mutum ne, yana da haƙƙin a suturta shi.